Rigakafin Karnuka da Kyanwoyi: A Fayyace wa Mai Ƙaramin Ƙarfi Abin da Ya Zama Dole

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan wani lamari da ba kasafai ake ganinsa a shafukan jaridu ba, wato yadda mai ƙaramin ƙarfi zai sama wa karensa ko kyanwarsa rigakafi da kulawar likita ba tare da kuɗin ya gagare shi ba. Na san akwai masu karatu da za su ce ina ake ta dabba alhali mutane ma suna fama da kuɗin asibiti, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai wasu daga cikin cututtukan da ake yi wa kare da kyanwa rigakafinsu a jikin mutum suke ƙarewa, sau da yawa ma a jikin ƙaramin yaro, saboda haka maganar ta shafi wanda bai taɓa ajiye dabba a gidansa ba kamar yadda ta shafi mai ita.

Abin da na lura da shi shi ne, yawancin masu dabbobi ba ƙin rigakafi suke yi ba. Mutum yakan ɗauki ɗan kwikwiyonsa ya je asibitin dabbobi da kyakkyawar niyya, a lissafa masa allurai da magunguna da gwaje-gwaje da abinci na musamman, a haɗa masa kuɗin a dunƙule, ya ji jimillar ta fi ƙarfinsa, ya yi godiya ya fita, ba zai sake komawa ba sai ranar da dabbar ta kwanta ciwo. A ranar kuwa abin da za a nema a hannunsa ya ninka wancan sau da yawa. Ina ganin matsalar a wannan dunƙulewar take. Abubuwan da aka lissafa masa ba matsayinsu ɗaya ba: akwai wanda rashinsa kan jawo asarar rai, akwai wanda za a iya jinkirta shi, akwai kuma wanda dabbar tasa ba ta bukatarsa ko kaɗan saboda irin zaman da take yi. Da za a bambance masa su dalla-dalla, da ya biya na dole a ranar, ya bar saura sai hali ya samu.

Na farko a jerin, wanda babu jayayya a kansa, shi ne rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 nasu a nahiyoyin Afirka da Asiya, kuma kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samo shi. Kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke rutsawa da su yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su ne ke wasa da karnuka, su ne kuma ke ɓoye cizo ko yaƙushi don tsoron faɗa. Ƙwayar cutar tana bin jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma da zarar alamu sun bayyana da wuya ƙwarai a ga wanda ya tashi. Abin takaicin shi ne, tun shekarar 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya ceci wani yaro mai suna Joseph Meister da allurar wannan ciwo, ga shi yau bayan fiye da ƙarni guda ana ci gaba da binne yara a kansa. Kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma sa wa mutum, don haka ita ma ba a barin ta a baya. Ana fara yin allurar daga mako 12 da haihuwa, a maimaita ta gwargwadon irin maganin da dokar wurin da ake zaune.

A nan ne nake da ra'ayin da nake so hukumomi su saurara. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, aka kuma riƙa maimaitawa shekara bayan shekara, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa ta mutu da kanta. Ma'anar wannan ita ce, allurar da aka yi wa karen mutum ɗaya tana kare ɗan maƙwabcinsa da mai wucewa a hanya, kuma abin da amfaninsa ya game jama'a haka bai dace a bar nauyinsa a wuyan mai kare shi kaɗai ba. Ƙasashen Latin Amurka sun gane wannan tun 1983, lokacin da suka haɗa kai suka soma gangamin yi wa karnuka allura, har yawan masu kamuwa ya ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. A Meziko mutum 60 ne suka kamu ta hanyar cizon kare a 1990, daga 2006 kuwa ba a sake samun ko ɗaya ba, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ita a matsayin ƙasa ta farko da ta cika sharuɗɗan kawar da wannan annoba. Allurar kyauta ta kai su ga haka. Tun da manyan hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya sun sa shekarar 2030 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen mace-macen mutane daga wannan ciwo, duk gwamnatin da ta amince da wa'adin ya kamata ta san cewa kuɗin yi wa kare allura ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta shi da jerin alluran da ake yi wa mutum ɗaya bayan an cije shi.

Kafin hukuma ta yi nata, mai dabba yana da ƙofofin da zai ƙwanƙwasa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, wadda ta yi daidai da ranar rasuwar Pasteur, an ware ta tun 2007 don yaƙi da haukan kare, kuma a ƙasashe da dama ma'aikatun kula da dabbobi da ƙungiyoyin likitoci sukan yi allura kyauta ko a farashi mai rangwame a wannan mako. Asibitocin dabbobi na gwamnati galibi sun fi na 'yan kasuwa sauƙi, ko da yake wani lokaci sai an yi haƙuri da layi ko da yankewar magani. Asibitocin koyarwa na jami'o'in da ke horar da likitocin dabbobi su ma wuri ne da ya cancanci a tambaya, domin ɗalibai suna aiki ne a gaban malamansu, kuma suna bukatar dabbobin da za su duba. Sai ƙungiyoyin agaji, waɗanda tarihinsu ya daɗe: a 1917 wata baiwar Allah mai suna Maria Dickin ta buɗe ɗan ƙaramin ɗakin shan magani a unguwar talakawa ta birnin Landan tana duba dabbobinsu kyauta, kuma ƙungiyar PDSA da ta taso daga nan tana aiki har yau. Ba kowane gari ke da irinta ba, amma inda take, kunyar zuwa wurinta ba ta da amfani.

Na biyu a jerin su ne alluran da ake yi wa jariran dabbobi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi a banza ba su sani ba. Kwikwiyo yana fuskantar manyan cututtuka uku da allura ɗaya ke haɗa rigakafinsu. Akwai fabo, wadda ta ɓulla a duniya wajen 1978, mai sa amai da gudawar jini mai wari har ruwan jiki ya ƙare. Mafi yawan kwiyakwiyin da ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi, maganin kuwa kwanciyar asibiti ce ta kwanaki da ƙarin ruwa, kuma ƙwayar cutar tana iya yin watanni a ƙasa tana jiran na gaba. Akwai distemfa, mai farawa da majina da kwantsa da tari, ta ƙare da farfaɗiya ko shanyewar jiki. Akwai kuma ciwon hanta mai yaɗuwa tsakanin karnuka. Ɗan kyanwa shi ma yana da tasa allurar mai haɗa uku: wata cuta 'yar'uwar fabo da ke cinye fararen ƙwayoyin jini, da ƙwayoyin cuta biyu masu kawo mura mai tsanani da ciwon ido da gyambon baki.

Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, wadda ake kira WSAVA, ta shimfiɗa ita ce a fara allurar daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako 2 zuwa 4, har dabbar ta kai mako 16 ko ta ɗara. Mutane da yawa suna zaton maimaicin dabarar neman kuɗi ce, alhali yana da dalili. Jaririn dabba yana samun garkuwa daga dakashin da ya sha a sa'o'in farko na rayuwarsa, kuma wannan garkuwar da ke kare shi ita ce dai ke hana allura aiki muddin tana nan da ƙarfinta. A jikin wani takan dushe tun yana mako 8, a jikin wani sai ya kai mako 14 ko fiye, kuma ba a gane ranar da ido. Shi ya sa ake bi ana maimaitawa, don kada a bar tazara mai tsawo tsakanin gushewar garkuwar uwa da kafuwar tasa. Wanda ya yi allurar farko da ta biyu ya tsaya, ya ce ai an yi rabi, yana iya kasancewa bai yi komai ba, domin ta ƙarshen, wadda ake yi daga mako 16, ita ce aka fi dogara da ita. Don haka wanda ya san ba zai iya biyan duka ba ya faɗa wa likita tun ranar farko, su tsara yadda kuɗin da ke hannunsa zai kai ga wannan allura ta ƙarshe, sa'annan ya killace kwikwiyon a gida, nesa da baƙin karnuka da wuraren da suke bahaya, har a kammala.

Akwai wani sauƙin da ba a cika sanar da masu dabbobi ba. Bayan an ƙara allura ɗaya tsakanin wata shida da shekara guda, waɗannan manyan alluran masu haɗa uku ba sa bukatar maimaici kowace shekara. Ƙa'idar da na ambata ta ce ga yawancin dabbobi sau ɗaya a shekara uku ya wadatar, domin garkuwar tana daɗewa. Haka kuma babban karen da aka tsinta ko aka saya ba a san tarihinsa ba, ba sai an bi da shi dogon jerin kwikwiyo ba. Akwai dai alluran da ƙarfinsu bai wuce shekara ba, kamar na cutar da kare ke ɗauka daga fitsarin ɓera da ruwan da ya gurɓata, wadda ke lalata ƙoda da hanta, kuma mutum ma yana kamuwa da ita. Inda take yawo, wannan allura ta shiga sahun dole. Amma rigakafin tarin da karnuka ke sa wa juna a wuraren da ake tara su da yawa, karen da ba ya zuwa irin waɗannan wurare yana iya zama ba shi. Tambaya ɗaya ce za ta warware wannan, mai dabba ya ce wa likita: a cikin waɗannan, wanne ne idan ban yi ba dabbata ko iyalina za su shiga haɗari, wanne ne kuma zai iya jira? Likitan kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Wata hanyar rage kuɗi ita ce haɗa kai. Kaso mai tsoka na abin da ake biya ba kuɗin maganin ba ne, kuɗin ganin likita ne da na sufuri, ga wahalar ɗaukar babban kare ko kyanwa mai tsoro zuwa wuri mai nisa. Allurar haukan kare sau da yawa tana zuwa a kwalba mai ɗauke da na dabbobi goma, kuma idan aka huda ta ba a ajiye ta tsawon lokaci. Idan maƙwabta suka tsayar da rana guda, suka gayyato likita ko ma'aikacin lafiyar dabbobi mai lasisi, suka raba kuɗin zuwansa a tsakaninsu, kowa zai biya ƙasa da abin da zai biya shi kaɗai, kuma unguwar gaba ɗaya za ta matsa kusa da wancan kashi 70 cikin 100. Abin kiyayewa kawai shi ne kada a cakuɗa ƙananan kwiyakwiyin da ba su gama allura ba da sauran karnuka a wurin taron.

Sai dai Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan fage akwai arahar da ta fi tsada cutarwa. Allurar rigakafi aba ce mai laushi, wadda ake ajiyewa a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har zuwa jikin dabba. Idan ta kwana a zafi ko ta daskare, tana iya lalacewa alhali kamanninta ba su sauya ba. Wanda ya saye ta a hannun mai talla, ya sa a aljihu, ya je gida ya yi wa karensa da kansa, ya sayi kwanciyar hankali ne kawai, kuma wannan ya fi rashin allurar muni, domin ranar da karen ya ciji yaro za a ce ai an yi masa rigakafi, a ƙi kai yaron asibiti. Mai dabba yana da haƙƙin ya ga an ciro kwalbar daga firiji ko akwatin ƙanƙara, ya duba ranar ƙarewar aikinta, a kuma ba shi kati mai ɗauke da kwanan wata da sunan maganin da lambarsa da sa hannun wanda ya yi. Katin nan a adana shi kamar yadda ake adana na yara, domin shi ne ke hana a biya kuɗin allura ɗaya sau biyu idan aka sauya likita.

Haɗari na biyu shi ne ba dabba maganin mutane ko na wata dabbar don gudun kuɗin asibiti. Ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, kuma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen suna huda cikin kare su taɓa masa ƙoda. Maganin kaska na karnuka mai ɗauke da sinadarin da ake rubuta sunansa permethrin a jikin kwali guba ne ga kyanwa, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya, har ma idan ta goga jikinta da karen da aka ɗiga wa. Wanke kare da maganin feshin gona, ko shafa masa baƙin man inji don ƙazuwa, sun kashe dabbobi da yawa, sun kuma cutar da hannun da ya shafa. Duk waɗannan da niyyar tattali ake yin su, kuma duk a asibitin suke ƙarewa idan dabbar ta yi tsawon rai ta kai can.

Game da tsutsar ciki da ƙuma da kaska kuwa, a nan akwai sauƙi na halal. Magungunan tsutsa na asali sun daɗe a kasuwa, kamfanoni da dama suna yin su, kuma sinadari ɗaya yana zuwa da sunaye iri-iri a farashi mabambanta, saboda haka ya kamata a tambayi likita sunan sinadarin da adadin da ya dace da nauyin dabbar, a maimakon riƙe sunan kamfani guda. Kwiyakwiyi da yawa da tsutsa ake haihuwarsu, domin tana ratsawa daga jikin uwa tun suna ciki, shi ya sa ake fara ba su magani daga mako 2 ana maimaitawa bayan kowane mako biyu har a yaye su. Babban kare ko kyanwa mai fita waje kuwa yawanci sau huɗu a shekara ake ba shi. Ƙwan wannan tsutsa sai ya yi makonni a ƙasa kafin ya iya cutarwa, kuma idan yaro mai wasa da ƙasa ya haɗiye shi yana iya taɓa masa hanta ko ido. Kwashe kashin dabba kullum, wanda ba ya cin ko sisi, ya toshe wannan hanya. Haka ma hana kare cin ɗanyen kayan cikin tumaki da shanu, domin ta nan yake ɗaukar wata tsutsar da ke haddasa wa mutane ƙulli mai ruwa a hanta da huhu. Ita ƙuma, mafi yawanta ba a jikin dabba take ba, ƙwai da 'ya'yanta suna cikin shimfiɗa da lungunan ɗaki, don haka wanda ya sayi magani mai tsada bai wanke wurin kwanan dabbar ba zai sake saye. Kaska kuma tana ɓuya a tsagar bango, kuma cututtukan da take sa wa kare suna shanye masa jini har dasashinsa ya yi fari.

Batun dandaƙar namiji da cire wa mace mahaifa shi ne mafi tsada a cikin duk abin da na lissafa, kuma ba zan ce kowa ya yi shi gobe ba. Amma sau ɗaya ake biyansa. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane ɗa da nasa kuɗin allura da na abinci, ko kuwa a watsar da shi a titi ya ƙara yawan marasa rigakafi. Karyar da ba a yi wa aikin ba, idan ta manyanta, tana iya gamuwa da taruwar mugunya a mahaifa, wanda ke bukatar tiyatar gaggawa mai tsada da haɗari fiye da wadda aka guje wa. Muzurun da aka dandaƙe yana rage yawo da faɗa, kuma ta cizon faɗa ne kyanwoyi suka fi sa wa juna cutar da ke karya musu garkuwar jiki. Ƙungiyoyin agaji da makarantun likitanci sun fi yin rangwame a kan wannan aiki fiye da kowanne, don haka jiran irin wannan dama ba laifi ba ne, muddin an tsare dabbar a lokacin da take neman barbara. Shekarun da suka fi dacewa a yi aikin sun bambanta, musamman ga manyan karnuka, kuma likita ne zai yanke.

A wasu ƙasashe ana tallata inshorar dabbobi da tsarin biyan kuɗi wata-wata. Shawarata ita ce a karanta sharuɗɗan da kyau kafin a sa hannu, domin yawancin inshorar haɗari da rashin lafiya take ɗauka, ba ta biyan rigakafi, ba ta kuma karɓar ciwon da dabba ta zo da shi. Tsarin wata-wata yana da amfani ne idan abubuwan da ke cikinsa dama waɗanda za a yi ne. Ga mutane da yawa, ware ɗan abin da ya samu a kai a kai da sunan dabbar ya fi sauƙi. Kuma ko a shekarar da babu allurar da ta kama, kai dabba a duba ta sau ɗaya yana da amfani, tun ba ma tsohuwa ba, domin kyanwa musamman gwanar ɓoye ciwo ce. Mai ita ne ke ganinta kullum, shi ne zai fara lura da rama ko ƙiba ko yawan shan ruwa ko warin baki. Muzurun da ke ta yunƙurin fitsari ba ya fita, wannan ba a kwana da shi a gida, mafitsararsa ce ta toshe, kuma yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ga likitocin dabbobi ina da roƙo, kuma ina yin sa ne da sanin cewa su ma suna biyan haya da wuta da albashi, suna sayen magani da tsada, kuma babu mai tallafa wa yawancinsu. Ba cewa nake yi su yi aiki kyauta ba. Abin da nake nema shi ne su rubuta farashin allurai da na ganin likita su liƙa inda kowa zai gani, su rarrabe wa mai dabba abin da ya zama dole da abin da ya fi kyau a yi da abin da zaɓi ne, su kuma amince a biya kuɗin alluran jarirai kashi-kashi tun da dama ba a rana ɗaya ake yin su ba. Kada kuma su yi wa wanda ya kawo dabba a makare faɗan da zai hana shi dawowa. Mutumin da ya biya allura biyu na dole ya tafi da mutuncinsa zai dawo baɗi, ya kuma turo maƙwabcinsa.

Ga sauran jama'a, masu dabba da marasa ita, akwai abin da ya wajaba kowa ya sani. Duk wanda kare ko kyanwa ta ciza ko ta yaƙusa, ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, sa'annan ya tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Kada a kashe dabbar da ke da mai ita cikin fushi idan ana iya killace ta lafiya, domin lura da ita na kwana 10 yana taimaka wa likita ya san ko za a ci gaba da alluran wanda aka ciza, amma ba a jiran cikar kwanakin kafin a fara su.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina roƙon wannan jarida ta riƙa tuntuɓar ma'aikatun kula da lafiyar dabbobi da ƙungiyoyin likitoci tun farkon watan Satumba, ta buga wurare da ranakun da za a yi allurar kyauta kafin lokacin ya zo, domin sau da yawa labarin gangamin yana isa ga jama'a ne bayan an nannaɗe tabarma. Zai kuma yi kyau a ware wa wani likitan dabbobi ɗan fili lokaci-lokaci ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu. Na gode da damar da aka ba ni.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu